Kuɗin wata na nan a N500 tun 2016: Yadda ƙungiyoyin unguwa ke tsiyacewa a hankali

Da wuya ka shiga wata tsohuwar unguwa a Kano, Zariya, Katsina ko Sakkwato ba ka tarar da allon wata ƙungiyar taimakon kai da kai ba. Wani allon da sabon fenti, wani kuwa rana da ruwan sama sun cinye rubutunsa, sai ka matsa kusa kafin ka iya karanta sunan.

Waɗannan ƙungiyoyi su ne ke yashe kwata kafin damina ta kankama. Su ke cike kaburburan da suka rufta, su zuba ƙasa a ramin da ya hana mota shiga lungu ɗaukar mai naƙuda, su biya wa maraya kuɗin jarrabawa. Aiki ne da hukuma ba ta cika waiwayarsa ba, kuma babu wanda ake biya albashi a kansa.

Da yawa daga cikinsu sun mutu, kuma ba a yin sanarwar mutuwar ƙungiya. Taron wata-wata ne zai koma na bayan wata uku, daga nan sai idan an yi rasuwa, a ƙarshe abin da zai rage shi ne zauren WhatsApp da ake tura gaisuwar Juma'a. Idan ka tambayi dalili, amsar ba ta wuce uku: ma'aji ya ci kuɗi, matasan yanzu ba su da kishi, ko siyasa ta raba kawuna.

Ana samun duk waɗannan, ban musa ba. Amma a ganina abin da ya fi kashe ƙananan ƙungiyoyinmu shi ne lissafin da ba a yi. An yanka kuɗin wata tun shekara takwas ko goma da suka wuce, an bar shi a nan, naira tana ta narkewa, kuma babu wanda ya taɓa jera littattafan shekarun a tabarma ɗaya ya ga inda aka dosa. Ƙungiya tana iya shekara biyar tana ramewa alhali kowane taro ana tafa wa ma'aji saboda ya ce akwai kuɗi a asusu.

Lissafin da ba a son yi

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiya mai mambobi 60 ta yanke a 2016 cewa kowa zai riƙa biyan N500 a wata. Idan kowa ya biya, N30,000 ke nan.

A watan Mayun wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta mayar da litar fetur N145. Wato kuɗin wata ɗaya na ƙungiyar zai sayi lita fiye da 200. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000 a gidajen mai da dama. Wannan N30,000 ɗin da ke sayen lita 200 ta koma ba ta wuce lita 30.

Wani zai ce ai ƙungiya ba fetur take sha ba. Haka ne, amma tifar da za ta kwashe sharar da aka yaso daga kwata mai take sha. Mai kawo yashi, mai buga bulo, mai walda da zai gyara baro, duk sun ƙara kuɗi saboda mai. A farkon 2024 siminti ya yi tashin da sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni aka amince a riƙa sayar da buhu tsakanin N7,000 zuwa N8,000. Ko a wannan farashin, kuɗin wata na mutum 60 bai wuce buhu huɗu ba.

A duba ta wani ɓangaren kuma. A 2016 mafi ƙarancin albashi N18,000 ne, saboda haka N500 ta kusa kashi uku cikin ɗari na albashin ƙaramin ma'aikaci. An mayar da shi N30,000 a 2019, sannan N70,000 a watan Yulin 2024. Da a ce kuɗin wata ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da mafi ƙarancin albashi, da yanzu ya kusa N2,000. Ƙungiyar da har yau take karɓar N500 ta rage wa kanta kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigarta, ba tare da an taɓa kawo maganar a taro ba balle a kaɗa ƙuri'a.

Ajiya ma ba ta tsira ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari a Disambar 2023, sannan kashi 34.80 a Disambar 2024. Idan aka haɗa shekarun biyu, ƙungiyar da ta ajiye N1,000,000 a ƙarshen 2022 ba ta taɓa ko kwabo ba, a ƙarshen 2024 kuɗin ba za su saya mata fiye da abin da N575,000 ke saya a da ba. Ma'aji zai tashi ya ce "kuɗinmu na nan cif", kuma gaskiya ya faɗa. Adadin na nan, ƙarfin ne ya tafi.

Mambobin takarda da mambobin aljihu

Lissafin da ke sama ma an yi wa ƙungiyar sassauci, domin an ɗauka kowa na biya. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya ya san ba haka abin yake ba.

Ƙungiyoyin unguwa galibi samari ne ke kafa su, lokacin da ba su da nauyin kowa. Bayan shekara goma wannan ya yi aure ya koma sabuwar unguwa a bayan gari, wancan aiki ya kai shi Abuja ko Legas, wani ya rasu, wani kuma yana nan amma kuɗin makarantar yara huɗu ya sha masa kai. Sunayensu na nan a rajista. Idan aka je gaishe da mai unguwa ko neman taimako wurin wani babba, sai a ce "mu 60 ne". Waɗanda ke sa hannu a aljihu kowane wata kuwa ƙila ba su wuce 25 ba.

Mutum 25 a N500 kuwa N12,500 ke nan, kuɗin da ko hayar kanofi da kujerun taro ɗaya ba lallai su ishe su ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne bashin da ake rubutawa a matsayin dukiya. Za ka ji sakataren kuɗi na cewa "muna bin mambobi N400,000". Bashin da ya shekara uku a kan mutumin da ya daina zuwa taro, kowa ya san ba zai dawo ba. Barin sa a littafi yana sa ƙungiya ta riƙa jin tana da abin da ba ta da shi. Yana kuma korar mai bashin gaba ɗaya, domin kunya ba za ta bar shi ya zo ya zauna a karanto sunansa da abin da ake bin sa ba.

Akwai kuma maganar shekaru. Idan mafi ƙanƙanta a ƙungiya ya haura 40, kuma an yi shekara biyar ba a ɗauki sabon mamba ba, to kuɗin shigar ƙungiyar na da ranar ƙarewa ko da kowa na biya a kan lokaci. Dattawan da suka kafa ta sukan ce yaran yanzu ba sa son aikin gayya. Sai dai a tambaye su, yaushe rabon da su bar ɗan shekara 25 ya riƙe wani muƙami da ya wuce na mai shirya kujeru?

Ranar ƙaddamar da gidauniya

Idan kuɗin wata ya gaza, mafitar da aka saba ita ce a kira taron ƙaddamar da gidauniya. A buga kati, a naɗa uban taro da babban mai ƙaddamarwa, a ɗauko lasifika da mai sanarwa. Ranar taro ana ta kiran miliyoyi, jama'a na tafi.

Bayan mako biyu ake sanin gaskiya. Wani ya yi alkawarin N500,000 ya bayar da N50,000, wani ya daina ɗaga waya, wani wakili ya turo kuma wakilin ya ce ba a ba shi komai ba. Idan aka cire kuɗin kati, kanofi, abinci, lemo, kalanda da lambobin yabon da aka raba wa manyan baƙi, sau da yawa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amma a unguwa labarin da ya bazu shi ne ƙungiya ta samu miliyan biyar. Daga nan zargi ya fara, kuma ma'ajin da bai ci ko sisi ba shi zai kwana da sunan ɓarawo.

Gudummawar 'yan siyasa kuma tana da kakarta kamar mangwaro. Duk wanda ya duba littafin ƙungiyar da ta dogara da su zai ga kuɗi sun hauhawa a 2014 zuwa farkon 2015, a 2018 zuwa 2019, a 2022 zuwa 2023, sannan shiru a tsakani. Yayin da 2027 ke ƙaratowa za a sake ganin buhunan siminti da baro da riguna masu hoton ɗan takara. Ban ce a ƙi karɓa ba, ai dukiyar jama'a ce ke dawowa. Amma kwata kowace shekara take cika, ba ta jiran zaɓe.

Akwai kuma farashin da ba a rubutawa a littafi. Ranar da aka fara kiran ƙungiya da sunan "ta wane", 'yan ɗaya jam'iyyar za su ja baya da kuɗinsu da ƙarfinsu. Idan wanen ya faɗi zaɓe, ƙungiyar ta yi biyu babu.

Haka abin yake ga ƙungiyar da attajiri ɗaya ke ɗauke da ita. Muddin yana raye kuma kasuwa na yi da shi, komai na tafiya. Ranar da ya kwanta dama ko kasuwa ta juya masa baya, sai a gano cewa mambobi sun shekara bakwai ba su saba biyan komai ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin wata shi ne ruwan cikin ƙungiya, komai ƙanƙantarsa.

Aikin da ke zuwa da ɗawainiya

Wani abin da ke karya ƙananan ƙungiyoyi shi ne nasararsu. An samu kuɗi an haƙa rijiyar burtsatse, an sa sola, an yanka kirtani, an ɗauki hotuna. Babu wanda ya tambaya ranar da injin jan ruwan ya ƙone, wa zai saya? Idan tanki ya tsage ko aka sace farantan sola fa?

Haka motar ɗaukar gawa ko ta marasa lafiya. Samun ta kyauta abin farin ciki ne, amma tana zuwa da taya, batir, baƙin mai, takardu da ɗan abin da za a riƙa ba direba. Ajin da aka gina wa Islamiyya yana buƙatar malami, malami kuma yana da iyali. Kowane aiki da ƙungiya ta kammala yana ɗora mata wani nauyi na shekara-shekara, kuma nauyin na ƙaruwa da tsadar kaya yayin da kuɗin wata ke tsaye cak.

Shi ya sa ake yawan ganin famfunan da ba sa kawo ruwa ɗauke da allon ƙungiyar da ta gina su. Masu bayar da gudummawa sun fi son sabon aiki da za a rubuta sunansu a jiki. Da wuya ka samu wanda zai zo a yi bikin sauya injin rijiya. Don haka gyara kullum a wuyan mambobi yake faɗawa, kuma ya kamata a yi lissafinsa tun kafin a sara harsashi.

Abin da za a ara daga Rotary da Lions

Ƙungiyoyin hidimar al'umma irin su Rotary da Lions sun haura shekara ɗari suna aiki, kuma ƙananan rassansu na fama da irin waɗannan matsalolin: mambobi na tsufa, kuɗi na ƙaranci. An kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka a 1905, Lions kuma a 1917. Ba baƙi ba ne a wurinmu. A Kano aka buɗe reshen Rotary na farko a Najeriya a 1961, kuma ɗan wannan reshen, lauya Jonathan Majiyagbe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, daga 2003 zuwa 2004.

Mutum na iya samun ra'ayinsa a kan waɗannan ƙungiyoyi, kuma gaskiya ne mambobinsu galibi masu hali ne. Amma akwai ɗabi'u uku nasu da ba sa buƙatar arziki.

Ta farko ita ce raba asusu biyu. A tsarin Lions, kuɗin da aka tara daga hannun jama'a dole ne ya koma ga aikin jama'a. Hidimar ƙungiya kanta, kamar abincin taro da takardu, daga kuɗin mambobi ake yin ta. A wurinmu kuwa tukunya ɗaya ake zubawa. Kuɗin da wata baiwar Allah ta bayar don gyaran maƙabarta shi za a taɓa a yi wa mamba gudummawar biki, da niyyar za a mayar. Sau nawa aka mayar?

Ta biyu ita ce sauyin shugabanci a kan lokaci. A Rotary shekara na farawa ne ranar 1 ga Yuli, kuma a nan sababbin shugabanni ke karɓar aiki. Amfanin wannan ga kuɗi shi ne, duk shekara dole a rufe littafi a miƙa wa wani. Ma'ajin da ya shekara 12 a kujera, ko da waliyyi ne, lissafin ƙungiya ya koma cikin kansa. Ranar da ya yi tafiya ko ya rasu, tarihin kuɗin ya bi shi.

Ta uku ita ce haƙurin tara abin da ba za a taɓa ba. Gidauniyar Rotary, wadda a yau take cikin manyan masu ɗaukar nauyin yaƙi da cutar shan inna a duniya har da Arewacin Najeriya, ta fara ne a 1917 da gudummawar dala 26 da santi 50. Wannan tunanin ma ba sai mun je Amurka aro ba. Waƙafi ke nan: a tsare asalin dukiya, a riƙa cin amfaninta. Shago ɗaya da ƙungiya ta mallaka tana karɓar haya, ko kujeru da kanofin da take bayarwa haya a unguwa, sun fi mata taron gidauniya uku, domin kuɗin haya na tashi tare da tsadar rayuwa.

Ina kuɗin suke kwana?

Har yanzu akwai ƙungiyoyin da kuɗinsu ke cikin akwatin ma'aji ko asusunsa na kansa. Rikicin sauya fasalin naira a farkon 2023 ya isa darasi ga masu ajiye tsabar kuɗi a gida, lokacin da tsofaffin takardun N200, N500 da N1,000 suka zama abin gudu kafin Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Asusun ma'aji na kansa ya fi akwati haɗari. Kuɗin ƙungiya na cakuɗa da na cefanensa, kuma idan ta Allah ta kasance, a idon banki da magada kuɗin mamaci ne. Ƙungiyoyi nawa ne suka yi shiru suka haƙura saboda ba za su iya zuwa gidan makoki da maganar kuɗi ba?

Banki ma sai an duba wanne. A watan Mayun 2023 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin ƙananan bankuna 179, sannan a watan Yunin 2024 ya soke na bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga adadin da take lamuncewa a 2024 zuwa N5,000,000 a manyan bankuna da N2,000,000 a ƙananan bankuna masu lasisi. Ga yawancin ƙungiyoyin unguwa wannan ya wadatar, matuƙar asusun da sunan ƙungiya yake kuma bankin na ƙarƙashin lamunin hukumar.

Masu gudun kuɗin ruwa su ma yanzu ba su da hujjar barin kuɗi a ƙarƙashin katifa. Bankin Jaiz na aiki tun 2012, ga TAJBank da Lotus sun biyo baya. Gwamnatin tarayya ta fara sayar da takardun Sukuk tun 2017, kuma da N10,000 ma ana iya shiga idan an buɗe sayarwa. Ribar ba lallai ta kamo hauhawar farashi ba, amma ta fi barin kuɗi a kwance suna zagwanyewa.

Buɗe asusu da sunan ƙungiya yakan buƙaci rajista, kuma a nan wasu ke tsayawa. Ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta sani cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa amintattunta adana bayanan kuɗi da miƙa rahoto duk shekara, kuma jinkiri na jawo tara. Da yawa sun karɓi takardar shaida sun manna a bango sun manta da sauran. Ranar da wata gidauniya ta nemi ba su tallafi ta ce su kawo lissafin shekara uku, a ranar ido ke raina fata.

"Mutane ba su da shi"

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Mutumin da ke fama da abin da zai kai bakin salati, ta yaya za ka ce ya ninka kuɗin ƙungiya sau huɗu? Idan aka matsa, sauran 25 ɗin ma za su gudu.

Gaskiya ne albashi da cinikin mutane da yawa ba su bi tsadar kaya ba, kuma mafi yawan mambobin irin waɗannan ƙungiyoyi ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle ƙarin albashi ya shafe su. Amma barin kuɗin a N500 bai hana kowa tafiya ba, ga shi nan sun tafi. Mutane sun fi saurin daina biya idan suka ga kuɗinsu ba ya aikin komai. Ƙungiyar da ba ta iya hayar tifa ɗaya a shekara, mamba zai ga ko N200 asara ce.

Kuma ba dole ne kowa ya biya daidai da kowa ba. Ana iya yin hawa uku: ɗalibi da mai neman aiki su biya kaɗan ko su biya da ƙarfinsu ranar aikin gayya a rubuta musu, mai sana'a ya biya matsakaici, wanda Allah Ya buɗa wa ya biya babba. 'Yan unguwar da ke Abuja, Legas ko Saudiyya ba sa zuwa yashe kwata, amma da yawansu za su yarda su riƙa turo wani abu duk wata idan suna ganin rahoto. Ƙarin N100 ko N200 duk shekara kuma ya fi sauƙin haɗiya a kan a yi shiru shekara goma sannan a tashi rana ɗaya a ce N2,000.

Akwai masu cewa aikin lada ne, bai kamata a cika bincike kamar ba a yarda da juna ba. Wannan tunanin ya rusa zumunci fiye da yadda ya gina. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rasit da sa hannun mutum biyu kariya ce ga ma'aji mai gaskiya kafin kowa, domin shi ne ake fara nunawa da yatsa idan kuɗi suka yi ƙasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zaman yini ɗaya

Abin da nake ba kowace ƙungiya shawara ba ya buƙatar akanta ko kwamfuta. A ware yini ɗaya, a tattaro duk littattafan da suka rage, a samu takarda babba a ja layi shekara-shekara gwargwadon yadda bayanai suka kai. A kowace shekara a rubuta abu biyar: mutum nawa suka biya kuɗin wata cikakke, nawa aka tara daga mambobi, nawa ya shigo daga waje, nawa aka kashe a kan hidimar ƙungiya da nawa a kan aikin jama'a, sannan nawa ya rage.

Daga nan a ƙara layi ɗaya, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci: abin da aka tara a shekarar, buhun siminti nawa zai saya a farashin lokacin? Ko tifar yashi nawa? Dattawan ƙungiya ba za su manta farashin ba. Wannan layin ne zai nuna ko ƙungiya na girma ko tana ƙanƙancewa, domin adadin naira kaɗai yaudara yake yi.

Idan takardar ta nuna fiye da rabin kuɗin na fitowa daga mutum ɗaya ko taro ɗaya, akwai matsala. Idan abin da ke asusu ba zai riƙe ayyukan yau da kullum na wata shida ba tare da gudummawar kowa ba, akwai matsala. Idan kuɗin lemo, kalanda da gudummawar biki sun fi na aikin da aka kafa ƙungiyar dominsa, to ta koma adashi, kuma gara a faɗa wa juna gaskiya.

Bayan haka sai a ɗauki matakan da ba sa cin ko kwabo. A rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa duk watan Janairu za a duba kuɗin wata. A yafe tsohon bashin da ba zai dawo ba, a gayyato masu shi su dawo da sabon shafi. A raba kuɗin jama'a da na mambobi. A sa wa kujerar ma'aji wa'adi. A riƙa tura hoton bayanin banki a zauren WhatsApp duk ƙarshen wata, ko da N8,000 ce a ciki. Duk sabon aiki kuma, kafin a fara, a ware kason gyaransa.

Damina za ta dawo kamar yadda ta saba, kwata za ta cika, kaburbura za su rufta, kuma ƙaramar hukuma ba lallai ta zo ba. Unguwar da ƙungiyarta ke da abin hayar tifa a watan Mayu ita ce ruwa ba zai shiga ɗakunan mutanenta a watan Agusta ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu su buɗe littattafan nan tun kafin hadari ya haɗu.

Allah Ya saka wa masu hidimar al'umma da alheri, Ya kuma ba su ikon riƙe amana.